Karatun Lauya Da Lafiyar Mai Karatun: Nasiha Ga Ƙannena



A gidajenmu, ranar da sunan yaro ya fito cikin waɗanda aka ɗauka sashen shari'a, ranar ake raɗa masa sabon suna. Bai sayi littafi ko ɗaya ba, bai ma san ƙofar ajinsu ba, amma ya zama Barista. Inna da shi take kiransa, mai shagon unguwa da shi yake gaishe shi, kawu kuwa har ya fara ajiye masa maganar gonar da ake rigima a kanta. Da ƙauna ake yi, babu shakka. Sai dai sunan nan bashi ne, kuma ba a iya biyansa sai bayan shekara shida, in komai ya tafi daidai ke nan. Wanda aka riga aka naɗa lauya a gida yana jin nauyin ya buɗe baki ya ce karatu ya sha kansa, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya fara fargabar wayewar gari. Sai ya haɗiye, ya ce lafiya lau.

To, makarantun da ke koyar da shari'a, tun daga tsangayar jami'a har Makarantar Horar da Lauyoyi, da ruwansu da wannan hali? Ko nasu kawai su koyar su yi jarrabawa, sauran kuma tsakanin ɗalibi da Ubangijinsa? Ni a wurina da ruwansu, kuma zan kawo dalili. Amma da yake ku nake wa magana, ba hukumar makaranta ba, rabin nasihar zai tafi ne kan abin da ke hannunku, wanda ba sai kun jira kowa ba.

Tsawon hanyar

Mu fara da auna tafiyar. Digirin shari'a a Najeriya shekara biyar ne, a Kongo ta Zariya kake ko a Bayero, a Sakkwato ko a Maiduguri. Wanda ya haɗa da shari'ar Musulunci kaya biyu ya ɗauka: ga dokokin da muka gada daga Ingila da tarin hukuncin kotuna, ga fikihun gado da aure da ciniki. Shekara biyar ɗin ma a takarda ce. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Wanda ya gama kuma ba lalle ya wuce kai tsaye ba, domin kowace jami'a akwai adadin ɗaliban da aka yarje mata, in ta ɗiba fiye da ƙima sai ragowar su zauna gida jiran layi.

Sannan a zo Makarantar Horar da Lauyoyi. Dokar 1962 ce ta kafa ta, ta buɗe a Legas a farkon 1963 da ɗalibai takwas. Yau dubbai take ɗauka a shekara. Hedikwatarta tana Bwari tun 1997, ga rassa a Legas da Inugu da Yenagowa da Fatakwal da Yola da Bagauda ta jihar Kano. Ba kai ke da ta cewa ta ƙarshe kan inda za a tura ka ba. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Kaduna ba tana iya tsintar kanta a Yenagowa, abinci baƙo, yare baƙo, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Ɗan Inugu kuma ya sauka Bagauda ya gamu da hunturun da bai taɓa jin irinsa ba.

Darussa biyar ne: yadda ake gudanar da shari'ar laifi, yadda ake gudanar da ƙarar da ba ta laifi ba, aikin kamfanoni, aikin filaye da kadarori, da ladubban sana'ar lauya. Biyar kamar ba su da yawa, amma cikin 'yan watanni ake son ka haɗiye su. Da safe ka sa baƙi da fari ka tafi aji, ana lissafin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Da yamma taron rukuni don aikin gobe. Da dare karatu. Can a tura ka kotu ka zauna ka ga yadda ake yi, a tura ka ofishin lauya, kana rubuta abin da ka gani kullum, ka dawo malamai su titsiye ka a kai. Ga cin abincin dare sau uku da manyan lauyoyi, wanda dole ne kafin a rantsar da kai. Daga ƙarshe jarrabawa ta zo a jere, yau wannan darasi, gobe wancan. Shekaru da dama ƙa'idar da aka bi ita ce darasin da ka fi rauni a cikinsa shi ke yanke darajar sakamakonka gaba ɗaya. Wato ka yi zarra a huɗu, zazzaɓi ya kama ka ranar na biyar, shi ke nan. Lauyoyi da yawa sun soki wannan tsari, don haka ku tambayi ƙa'idar da ake bi a shekararku tun ranar farko, kada ku dogara da jita-jitar ɗakin kwana.

Ban ma taɓo kuɗi ba. Kuɗin makaranta, littattafai, kwat, hular lauya da baƙar riga, kuɗin mota zuwa kotu kullum. Wani uban sai ya sayar da sa ko ya jinginar da gona. Wani ɗalibin yana zaman jiran tallafin gwamnatin jiharsu, bai san ranar fitowarsa ba. Wanda ya san abin da aka sayar don ya zauna a ajin nan, tsoron faɗuwa a wurinsa ya wuce na jarrabawa kawai.

Hujjar manya

In ka kai kuka gaban tsofaffin lauyoyi, da yawansu za su ce maka: mu ma haka muka sha, ga mu nan ba mu mutu ba. Kada ku yi saurin watsar da maganarsu, domin akwai gaskiya a ciki. Aikin lauya ba ya jiran mutum ya huce. Ƙarar zaɓe kwana 21 gare ka ka shigar bayan an sanar da sakamako, kotun kuma kwana 180 gare ta ta yanke hukunci, tsarin mulki ne ya ce haka. Ɗaukaka ƙara kan ƙaramin hukuncin da aka yanke a tsakiyar shari'a kwana 14 ne. Alƙali zai katse ka kana tsakiyar magana, abokin karawarka zai nemi inda ka yi sakaci ya danna. Mutumin da ke tsare a kurkuku yana jiran beli ba ruwansa da cewa lauyansa bai ji daɗin jikinsa ba. Makarantar da ta yaye ɗalibi ba ta koya masa aiki cikin matsi ba ta cuce shi, ta cuci wanda zai ba shi amanar shari'arsa. Don haka ba na cikin masu cewa a sassauta jarrabawa ko a rage abin da lauya ya kamata ya sani. A bar ma'aunin ilimi da tsananinsa.

Inda na rabu da su shi ne ɗaukar kowace wahala a matsayin horo. Maƙeri yana sa ƙarfe a wuta don ya sarrafu, amma ya san lokacin fitar da shi, in ya bar shi ya wuce ƙima ƙonewa zai yi ya tashi daga aiki. Rubuta takardar tuhuma sau goma har hannu ya faɗa, horo ne. Tsayawa gaban aji ka kare matsayinka ana jifan ka da tambayoyi, horo ne. Amma layin ruwa da asuba, da ɗakin da aka cusa mutane fiye da ƙima, da malamin da zai tsinka yarinya gaban ɗaruruwan ɗalibai saboda lafazin Turancinta, da sakamakon da za a riƙe wata da watanni ba bayani, wace doka suke koya wa mutum? Babu. Kuma masu cewa ga mu nan ba mu mutu ba, waɗanda suka tsira ne ke magana. Wanda ya bar karatun a aji uku, da wanda ya koma shan ƙwaya, da wanda ya samu takardar amma ya tsani aikin har abada, ba a gayyatar su taron tsofaffin ɗalibai su ba da nasu labarin.

Abin da bincike ya nuna

A Amurka an daɗe ana auna wannan al'amari. A 1986 wasu masana suka wallafa binciken da suka yi kan ɗaliban shari'a na Jami'ar Arizona. Suka gano cewa kafin su shiga, lafiyar tunaninsu daidai take da ta sauran jama'a. Da aka shiga karatu sai ciwon damuwa da fargaba suka yi sama, kuma ba su sauka ba har bayan kammalawa. Ma'ana ba raunana ne ke zaɓar karatun lauya ba, wani abu ne a cikin karatun yake taɓa su. A 2014 aka yi wani binciken a makarantun shari'a 15, ɗalibai sama da dubu uku suka amsa. Kashi 17 cikin ɗari sun nuna alamun ciwon damuwa, kashi 37 alamun fargaba. Kashi 42 suka ce sun ji suna bukatar taimako a shekarar da ta gabata, amma kusan rabinsu kaɗai suka je wurin mai ba da shawara. Cikin manyan dalilan ƙin zuwan akwai tsoron kada maganar ta hana a rantsar da su ko ta hana su samun aiki, da kuma kunyar abin da mutane za su ce. A 2016 kuma wani bincike kan lauyoyi kusan dubu goma sha uku ya nuna kashi 28 na fama da alamun ciwon damuwa, ɗaya cikin biyar kuma giya ta zame masa matsala. Bayan waɗannan sakamako ne ƙungiyar lauyoyin Amurka, wadda ke tantance makarantun shari'a a can, ta wajabta musu a 2022 su riƙa sanar da ɗalibai inda za su samu taimako kan lafiyar tunani.

Alƙaluman nan nasu ne, kada wani ya ɗauko su ya liƙa wa Bwari ko Kongo. Amma ku duba: wannan a ƙasar da ba a ɗauke wuta ana tsakiyar karatu ke nan, ba a kuma rufe jami'a wata takwas. Kuma dalilan da suka hana ɗalibansu neman taimako, wato kunya da tsoron a hana mutum shiga sahun lauyoyi, duk mun san su a nan.

Mu kuwa ba ma sai mun je Amurka neman hujja ba. Duk wanda ya karanta babin alƙalanci a fikihu ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Malamai suka yi ƙiyasi suka haɗa da tsananin yunwa da ƙishirwa da gyangyaɗi da baƙin ciki, da duk abin da zai dagula tunani. Tun ƙarnoni da suka wuce, shari'a ta yarda cewa halin da zuciyar mai hukunci take ciki yana shiga cikin hukuncinsa. To, alƙalan gobe daga ajin nan naku za su fito, da masu gabatar da ƙara, da masu rubuta wa majalisa doka. Lauya ba shi da kayan aikin da ya wuce hankalinsa. In ya taɓu, wanda zai ɗanɗana shi ne bazawarar da aka bari wa'adin ƙararta ya wuce, da marayan da aka taɓa kuɗin gadonsu. Makarantar da ke da darasi guda sukutum kan ladubban sana'a ba za ta ce lafiyar mai sana'ar ba ta shafe ta ba.

Abin da ke wuyan makaranta

Ba abu ne mai tsada sosai ba. Na farko, kowace tsangaya da kowane reshe a samu mutumin da ya karanci ba da shawara, a kuma sanar da ɗalibai da babbar murya cewa abin da aka faɗa a ofishinsa ba zai shiga fayil ɗin kowa ba. Doka ta ce ba a rantsar da mutum lauya sai an gamsu da kyawun halinsa. A fito fili a gaya wa ɗalibai cewa ganin likita kan damuwa ba mugun hali ba ne. In ba a faɗa ba, ofishin zai zauna fayau.

Na biyu, asibitin makaranta ya san abin da zai yi da ɗalibin da ya zo yana cewa ƙirjinsa na bugawa, numfashinsa na sarƙewa, an auna ba a ga zazzaɓi ba. Ba Panadol yake bukata ba. A san likitan da za a tura shi wurinsa. Na uku, a bar wa mutane sararin barci da ibada da motsa jiki a jadawali, a kuma yi wa mai ciki da mai shayarwa da mai lalurar jiki tanadi tun kafin su roƙa. Na huɗu, malamai su bambance tsanani da wulaƙanci. Malamin da ɗalibai suka fi tunawa da alheri sau da yawa shi ne wanda bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a maki ba, bai kuma taɓa ci wa kowa mutunci ba. Na biyar, a waiwayi waɗanda suka faɗi. Ranar da sakamako ya fito hankali kan koma kan masu daraja ta ɗaya, alhali wanda ke cikin haɗari shi ne wanda ya kashe wayarsa ya shige ɗaki.

Ƙasar ma ta fara motsawa. A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sabuwar ta ɗauki mai wannan lalura a matsayin majinyaci mai haƙƙi. Abin kunya ne a ce gidan da ake koyar da doka shi ne zai zama na baya wajen aiki da ruhinta.

Abin da ke wuyanku

Yanzu na juyo kanku, domin shekararku ba za ta jira hukuma ta gyara ba.

Ku yi barci. Na san yadda ake alfahari da kwana zaune a ɗakin karatu, har wanda ya kwanta da wuri ya riƙa jin kamar ya yi laifi. Babban mutum yana bukatar kamar awa bakwai, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Wanda ya yi kwana biyu ido biyu yana iya haddace lambar sashe, amma in aka ba shi labarin rigima aka ce ya tsamo matsalar shari'ar da ke ciki, sai ya karanta tambayar a karkace. Jarrabawarku kuwa irin wannan ce.

Ku nisanci duk abin da za a miƙo muku a ce yana hana barci ko yana buɗe kai. Kofi da goro da lemon ƙara kuzari ma in sun yi yawa bugun zuciya da rawar hannu suke kawowa, balle Tramadol, wadda ke kama mutum ta hana shi sakat, tana kuma iya jefa shi cikin jijjiga kamar mai farfaɗiya. Kun ga abin da ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Wani binciken da aka yi a ƙasar nan ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma kada ku zaci duk 'yan tasha ne. Mai cewa zai sha na makon jarrabawa kawai ya daina, ya tambayi waɗanda suka riga shi faɗin haka.

Ku fara karatu tun makon farko. Mafi yawan firgicin watan ƙarshe bashin watan farko ne. Abin da aka koyar yau a bi shi yau, a rubuta takardun kotu da hannu har su zauna, a yi ta gwada tambayoyin shekarun baya ana duba agogo. Ka zaɓi littafi ɗaya ko biyu a kowane darasi ka tsaya a kansu. Mai tara takardun kowa da kowa yakan ƙare bai gama ko ɗaya ba.

Ku zaɓi abokan zama. A kowane aji akwai masu sana'ar tayar da hankali: su ne suka ji an ce bana rabin aji za a kayar, su ne suka gama littafi sau uku tun kafin a fara. Ka gaishe su ka wuce. Zauren WhatsApp da ba ya kawo maka komai sai faɗuwar gaba, ka rufe shi. Ka nemi mutum biyu ko uku da za ku riƙa yi wa juna tambaya, ku ci abinci tare, in ɗaya bai fito ba a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Kuma kada ka tsaya kan 'yan garinku kaɗai. Wanda kuka raba ɗaki da shi daga wani yanki yana iya zama lauyan da zai riƙe maka ƙara a Fatakwal nan da shekara goma.

Ku riƙe ibada, masallaci ko coci, amma kada ku mai da ita wata hanyar azabtar da jiki. Kun san labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i ya tarar yana wuni da azumi yana kwana tsaye, har iyalinsa sun fita daga lissafinsa. Salman ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta sai ƙarshen dare suka tashi tare, da maganar ta je gaban Annabi kuma ya gaskata Salman. In an hana mutum ya kashe jikinsa saboda nafila, ina ga saboda dokar kamfanoni?

Ku gaya wa iyaye gaskiya tun da wuri. Yawancinsu ba su san yadda abin yake ba, sun ɗauka wanda ya ci jarrabawar jami'a ya gama. Ka zaunar da Baba ka bayyana masa cewa ana faɗuwa, har masu ƙoƙari, kuma ana sake zama. Ke kuma ƙanwata mai aure, ki yi magana da maigida da dangi kafin ki tafi: wa zai riƙe yara, wane biki ne ba za ki samu zuwa ba. Ku kuma mazajen, in matarka tana wannan karatu, shekara guda ce, ka ɗauke mata abin da za ka iya.

Sai babbar magana. Gajiya da fargabar jarrabawa kowa na yi, suna kuma wucewa in an huta. Amma in ka kai mako biyu ko fiye kullum zuciya a ƙuntace, abin da kake so da can ya fita daga ranka, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ya ƙi shiga, ka karanta shafi sau biyar ba abin da ya zauna, kana jin kai ba ka da amfani, to wannan ciwo ne, yana da suna, yana da magani. Ba raunin imani ba ne, kamar yadda hawan jini ba raunin imani ba ne. A gida za a ce sammu ne ko iska ko baki. Ka yi addu'arka, ka yi azkar ɗinka, sannan ka je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri da Dawanau ta Kano, asibitocin koyarwa ma suna da wannan sashe. Likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, don haka ana iya jira, amma ko likitan asibitin makaranta ka fara da shi. In ka je kuma ka faɗi komai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In abokinka ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara ma ya mutu kowa ya huta, kada ka ce wasa yake, kada kuma ka tsaya yi masa wa'azin wuta. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum abin da babu a ransa. Kada ka bar shi shi kaɗai, ka kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, ka kira babba, ku kai shi asibiti a ranar. Kun karanta sashe na 231 na kundin Penal Code da na 327 na kundin laifuka na Kudu, waɗanda suka tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Sanin wannan yana sa ɗalibin shari'a ya fi kowa ɓoyewa. Kai dai ka ceci ran tukuna. In kun zama lauyoyi kuma, ku tambayi kanku ko kurkuku ce ta dace da mutumin da ciwo ya kai shi wannan gaɓa.

In kuma an faɗi jarrabawa, an faɗi. Da zafi, musamman in ka ga hotunan abokanka da hula da riga. Ka yi baƙin cikinka, ka huta, ka binciki inda aka samu matsala, ka sake zama. Kotu ba ta tambayar lauya sau nawa ya zauna jarrabawa kafin ta saurare shi. Wasu masana biyu a Amurka, Krieger da Sheldon, sun bincika lauyoyi sama da dubu shida suka wallafa a 2015. Suka tarar cewa matsayin da mutum ya samu a aji da yawan albashinsa ba su da tasiri sosai kan jin daɗin rayuwarsa. Abin da ya fi tasiri shi ne ya ji ya iya aikinsa, yana da ta cewa a kansa, yana kuma da mutanen da yake tare da su. Ku nemi sakamako mai kyau da iya ƙarfinku, amma kada ku sayar da lafiyarku don shi.

Ƙannena, ku yi magana da hukumomin makarantunku ta hanyar wakilanku, cikin ladabi, a rubuce, da hujja, yadda ake koya muku. Neman a ajiye mai ba da shawara ko a gyara famfo ba rashin kunya ba ne, shi ne aikin lauya na farko da za ku yi. Sannan nan da 'yan shekaru ku ne za ku zama malamai da masu ofis da alƙalai, wani yaro zai tsaya gabanku idonsa ja saboda rashin barci. Ku tsananta masa a kan aiki, ku biya shi haƙƙinsa, ku tambaye shi lafiyarsa, kada ku ce masa ku ma haka kuka sha. Allah Ya ba ku sa'a, Ya sa ku gama lafiya.